Yadda ake halartar zangon kayan lantarki a baje kolin Canton

Sau biyu a kowace shekara, a watan Afrilu da watan Oktoba, birnin Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin yana karɓar baje kolin da 'yan kasuwa suka fi sani da sunan Canton Fair, wanda aka fara shi a shekarar 1957, ake kuma gudanar da shi yanzu a wani katafaren gini da ke unguwar Pazhou a bakin kogi. An kasa shi zango uku, kowane zango kwana biyar, kuma na farkonsu, wanda ke kamawa daga 15 zuwa 19 ga Afrilu da kuma daga 15 zuwa 19 ga Oktoba, shi ne na kayan lantarki: wayoyi da kayan haɗinsu, talabijin, lasifika, kyamarorin tsaro, fitilu, firji, fanka, batura, inbata da kayan sola. Kaso mai yawa na cajoji da fitilu da fankoki masu caji da ake sayarwa a kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko a kasuwannin Maraɗi da Yamai, daga masana'antun lardin Guangdong suke fitowa, lardin da Guangzhou ke zaman babban birninsa. Saboda haka ɗan kasuwar da ya daɗe yana sari ta hannun dillali yana da dalili mai ƙarfi na son ya je ya ga masu ƙera kayan ido da ido, domin zuwa da kai ya fi aike.

Abu na farko da ya kamata ka zaunar a ranka shi ne, wannan wuri ba kasuwar sari ba ne inda ake ƙirga kuɗi a ɗauki kaya. Abin da ke kan kantoci samfur ne kawai, kuma aikin da ya kai ka shi ne ka tantance kamfanin da za ka iya ba amanar kuɗinka na watanni biyu ko uku kafin ka ga kwali ko ɗaya. Wanda ya fahimci haka tun daga gida zai tsara tafiyarsa daban da wanda ya je kallo. Kamfanonin da ke baje haja a dukan zangunan uku sun kai kimanin 30,000, harabar kuma ta kasu shiyya huɗu, A da B da C da D, kowace da rumfuna hawa-hawa, don haka babu ƙafar da za ta iya zagaye ko da zangon farko shi kaɗai a cikin kwana biyar. Shawarata ita ce ka zaɓi nau'in kaya biyu, in sun yi yawa uku, waɗanda ka riga ka san cinikinsu, ka rubuta farashin da kake saro su yanzu, da farashin da kake sayarwa, da irin ƙorafin da abokan cinikinka suke kawowa a kansu. Wannan takarda ta ƙorafi ta fi komai amfani a cikin jakarka, kuma zan dawo kanta.

Shirin takardu ya kamata ya fara wata uku kafin ranar buɗewa. Za ka yi rajista a matsayin mai saye a shafin intanet na baje kolin, ka sa hotonka da bayanan fasfonka da na kamfaninka, sannan ka nemi takardar gayyata wadda da ita ake neman bizar kasuwanci, wato mai alamar M. A Najeriya ana miƙa takardun neman bizar ne a cibiyoyin da aka ware a Abuja da Legas, kuma yana da kyau rajistar kamfaninka da bayanin asusun bankinka su kasance a kammale, sunan da ke jikinsu ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Idan bizar ta fito, ka duba adadin kwanakin zama da aka ba ka, ka kuma kiyaye su, domin dokar ƙasar ta tanadi tarar yuan 500 (yuan shi ne kuɗin ƙasar Sin) a kan kowace rana da mutum ya ƙara, har zuwa yuan 10,000, ban da tsarewa da hana sake shiga da ke iya biyo baya. Jirgin Ethiopian Airlines yana zuwa Guangzhou ta Addis Ababa, na EgyptAir kuma ta Alƙahira. Ka sayi tikitin da zai sauke ka aƙalla kwana guda kafin buɗewa, saboda agogon Sin yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 7, kuma wanda ya sauka da asuba ya zarce baje koli zai yi ranar farko yana gyangyaɗi a gaban mutanen da ya kamata su ga natsuwarsa.

Kuɗin otal yana tashi sosai a makonnin baje kolin, don haka ka kama ɗaki da wuri, ka kuma tabbatar cewa otal ɗin yana karɓar baƙi 'yan ƙasar waje, domin shi ne zai yi maka rajistar zama da hukuma ke buƙata. Mutanenmu da yawa suna sauka a Xiaobei, unguwar da ta daɗe tana tara 'yan kasuwar Afirka da Larabawa, inda ake samun abincin halal da ofisoshin masu aika kaya. Ba ta kusa da Pazhou, amma jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa yana rage wahalar: layi na 8 yana tsayawa a tashar Xingangdong da tashar Pazhou, dukansu a bakin harabar, kuma da safe ya fi tasi sauri nesa ba kusa ba. Idan Juma'a ta faɗo a cikin kwanakin, masallacin Xianxian da ke kusa da lambun Yuexiu yana tara jama'a mai yawa, kuma a nan ne kabarin da Musulmin birnin suke dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake. Ka lissafa wannan rana a matsayin rabin ranar aiki tun kana tsara jadawalinka.

Sai batun waya, wanda yake ɗaure wa sabon zuwa kai fiye da harshe. WhatsApp da Facebook da Google da Gmail ba sa buɗewa a intanet ɗin cikin ƙasar Sin, kusan komai kuma, daga hira da kamfani zuwa biyan kuɗin shayi, a manhajojin WeChat da Alipay ake yinsa. Ka sauke su ka buɗe asusu tun kana gida, ka gwada ko katin bankinka zai haɗu da su, ka kuma riƙe tsabar yuan daidai gwargwado don kada ka tsaya cak idan katin ya ƙi. Layin wayar da ka zo da shi daga waje, idan an buɗe masa damar aiki a ƙetare, yakan bar ka ka yi amfani da manhajojin da ka saba, sai dai yana da tsada. Ka sauke manhajar fassara da ke aiki ba tare da intanet ba, ka ajiye sunan otal ɗinka da adireshinsa da rubutun Sinanci domin nuna wa direba. Katin shiga baje kolin ana karɓarsa ne da fasfo na asali a ofisoshin rajista da ke harabar da wasu manyan otal-otal da aka ware, kuma gara ka karɓe shi ana gobe buɗewa, domin layin safiyar ranar farko yana cin sa'o'i. Kada ka jefar da shi bayan ka gama, ana sake amfani da shi a zuwa na gaba.

Ana buɗe ƙofa da ƙarfe 9:30 na safe, a rufe da ƙarfe 6:00 na yamma. Ka sa takalmin da ka riga ka saba da shi, ka ɗauki katunan kasuwancinka masu yawa, da littafin rubutu, da ƙaramin abin maƙala takarda. Ranar farko ta zagaye ce: ka bi rumfunan da ke ɗauke da nau'in kayanka layi-layi, kada ka zauna ko'ina fiye da minti biyar, ka karɓi katin kamfani ka maƙala shi a shafi guda, ka rubuta lambar rumfar da abin da ka gani da farashin da aka fara faɗa maka. Ka ɗauki hoton kayan tare da katin a hoto ɗaya bayan ka nemi izini, domin wasu kamfanoni ba sa son a ɗauki sabon samfurinsu, kuma idan ba ka haɗa hoton da katin ba, zuwa dare ba za ka iya tuna wace fitila ce ta wane kamfani ba. Littattafan talla masu nauyi kuwa ka bar musu abinsu, ka ce a turo maka ta WeChat. Da dare, komai gajiya, ka zauna ka rage kamfanonin zuwa goma ko goma sha biyu, waɗanda za ka koma wa a rana ta biyu da ta uku ka zauna da su sosai.

A wannan zama na biyu ne takardar ƙorafin nan take aiki, kuma a nan nake so in daɗe, domin a nan ne ake samun riba ko a yi asara. Kayan da aka ƙera domin Turai ko domin cikin gidan Sin ba lallai ne su jure yanayinmu ba, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ƙurar hunturu ke shiga kowace kafa, wuta kuma ke zuwa da ƙarfi fiye da kima ko ta zo a raunane. Idan caja ko talabijin kake dubawa, ka juya bayansa ka karanta iyakar ƙarfin wutar da yake karɓa, ka tambayi abin da aka sa a ciki domin kare shi idan wuta ta yi tsalle. Ka faɗi irin bakin fulogin da kake so a rubuce: Najeriya da Gana suna amfani da mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila, Nijar da Chadi da Kamaru kuwa mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa, kuma ɗan kasuwar da ke sayarwa a ɓangarori biyu na iyaka yana buƙatar a raba masa odarsa gida biyu. Idan waya ce ko na'urar intanet ta tafi-da-gidanka, ka nemi jerin zangunan 4G da take kamawa, wato abin da ake kira band, ka kwatanta da na kamfanonin sadarwar ƙasarka, saboda wayoyin da aka yi domin kasuwar Sin sau da yawa ba su da zango na 20, wanda ake amfani da shi a Najeriya, kuma ba sa zuwa da manhajojin Google. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Infinix da itel, da irin wannan lura ya mamaye kasuwar waya a Afirka: layi biyu, batir mai daɗewa, da kyamarar da ke fito da fuskar baƙar fata yadda take.

Batir shi ne inda aka fi yin ƙarya a wannan sana'a, kuma mai saye a ƙauye, wanda ya tara kuɗinsa da ƙyar ya sayi fitila ko fawabank, shi ne yake ɗaukar asarar. Lambar da ake bugawa a jikin fawabank, misali 20,000mAh, lissafi ne a kan volt 3.7 na ƙwayar batirin, alhali waya tana karɓar caji ne a volt 5 ko fiye, don haka ko mai gaskiya abin da yake bayarwa bai cika wuce kashi biyu cikin uku na lambar ba. Marar gaskiya kuwa yakan sa ƙananan ƙwayoyi ya buga babbar lamba. Ka tambayi sunan kamfanin da ya ƙera ƙwayoyin, ka ce a buɗe maka samfur ɗaya a gabanka, ka kuma zo da ƙaramar na'urar gwaji ta USB, wadda ba ta da tsada, ka gwada samfurin a ɗakinka cikin dare. Haka ma faifan sola: watt ɗin da aka rubuta an auna shi ne lokacin da faifan yake a digiri 25, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa, ga shi faifan da ke kan kwano a Sakkwato ko Damagaram da tsakar rana yana yin zafi ninki biyu na wancan ma'auni ko fiye. Ga fitilun titi da kyamarorin waje, ka nemi alamar IP65 ko sama da haka, wadda ke nufin ƙura ba ta shiga kuma feshin ruwa ba ya cutar da su, sannan ka nemi takardar gwajin da ta tabbatar da alamar, domin buga lamba a kwali ba ya buƙatar komai sai tawada. Mai rumfar da ya amsa waɗannan tambayoyi kai tsaye, ko ya kira injiniyansa ya amsa, ya cancanci ka ci gaba da shi. Wanda ya ce komai babu matsala tun kafin ka gama tambaya, ka gode masa ka wuce.

Ba kowace rumfa ce ta masana'anta ba. Da yawa kamfanonin dillanci ne da ke tattaro kaya daga masana'antu daban-daban, kuma alamarsu ita ce za ka ga fanka da lasifika da tukunyar shinkafa a kanta ɗaya. Ban ɗauki dillanci a matsayin aibi ba, domin ga mai ƙaramin jari dillalin kirki yakan fi sauƙin sha'ani, tunda zai yarda da ƙaramar oda kuma ya haɗa maka kaya iri-iri. Abin da ba shi da kyau shi ne ka biya farashin dillali kana zaton da mai ƙerawa kake magana. Ka nemi hoton lasisin kasuwancin kamfanin, wanda ke ɗauke da lambar rajista mai gurbi 18 da bayanin irin aikin da aka yarje masa, ka sa tafinta ko manhajar fassara ta nuna maka ko akwai ƙira a ciki ko saye da sayarwa ne kawai. Ka kuma tambayi garin da masana'antar take, domin kowane kaya da garinsa: wayoyi da ƙananan na'urori a Shenzhen da Dongguan, kayan lantarki na gida a Shunde, fitilu a Guzhen da ke Zhongshan. Dukansu tafiyar awa ɗaya ko biyu ce daga Guangzhou, don haka ka bar kwana uku bayan 19 ga wata domin ziyartar kamfanoni biyu ko uku da suka fi kwanta maka. Jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum Shenzhen daga tashar kudu ta Guangzhou cikin kusan rabin awa, kuma yini guda a kasuwar Huaqiangbei zai nuna maka farashin da ƙananan 'yan sari suke biya, ka samu abin kwatance.

Wajen ciniki, kada ka karɓi farashi sai ka san abin da ya ƙunsa. Idan an ce EXW, kai ne za ka ɗauki kayan daga ƙofar masana'anta da duk abin da ya biyo baya. FOB yana nufin mai kaya zai kai su har cikin jirgin ruwa a tashar Sin. CIF kuma ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora zuwa tashar da kuka ambata, amma ban da kuɗin kwastan da na fito da kaya. Kowane farashi yana ɗaure da mafi ƙarancin adadin da kamfanin zai yarda ya ƙera, abin da za ka ji suna kira MOQ, kuma a ganina ya fi amfani ka nemi a rage maka wannan adadi a odar gwaji da ka matsa sai an karya farashi. Masana'antar da aka matsa wa fiye da kima takan yarda da baki, sannan ta rama a sirantar da waya ko rage ƙwayar batir, ka ga an koma gidan jiya, domin araha ba ta ado. Al'adar biya ita ce kashi 30 cikin ɗari a matsayin kafin alƙalami, ragowar 70 kuma kafin a loda kaya. Ka biya ne kawai a asusun da sunansa ya yi daidai da sunan kamfanin da ke kan lasisi da kan takardar yarjejeniya mai ɗauke da jan hatiminsu, kuma idan wata rana saƙo ya zo cewa an sauya asusu, ka kira wanda ka zauna da shi ta bidiyo kafin ka tura ko sisi. Na san abokin sana'a da ya yi asarar kafin alƙalaminsa gaba ɗaya ta wannan hanya, ba don kamfanin ya cuce shi ba, sai don wasu sun shiga akwatin saƙonsu sun sauya lambar asusu.

Samfurin da kuka amince da shi ka sa a yi shi biyu, ku sa hannu a jikin kowane, ka tafi da ɗaya su riƙe ɗaya, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa da shi za a auna kayan. Wajen dawowa da samfura ka tuna cewa fawabank ko batirin litiyam da ba a cikin na'ura yake ba ba ya shiga jakar da ake miƙawa a loda a ƙasan jirgi, sai jakar hannu, kuma wanda ƙarfinsa ya wuce 100Wh yana buƙatar izinin kamfanin jirgi. Tun daga 28 ga Yunin 2025 an kuma hana shiga jiragen cikin gida na Sin da fawabank da ba shi da alamar 3C, wato shaidar ingancin kaya ta ƙasar Sin, a jikinsa, abin da ya shafi duk wanda zai yi wata tafiya ta sama a cikin ƙasar.

Kafin ka saki kafin alƙalami, ka yi lissafin abin da kayan za su tsaya maka a shagonka, ba a Guangzhou ba. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kusan kubik mita 28 idan an loda kwalaye, doguwa mai ƙafa 40 kuma kusan 68, wanda kayansa ba su kai haka ba sai ya shiga haɗaka da wasu ta hannun mai aika kaya. Mai shigo da kaya Najeriya ta hanyar hukuma yana buƙatar buɗe Form M, wato takardar neman izinin shigo da kaya, ta bankinsa, da takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya, wadda ake fara nemanta tun kayan suna can, sannan wayoyi da na'urorin sadarwa suna buƙatar amincewar hukumar sadarwa ta NCC. Ka tambayi kamfanin ko ya taɓa aika kaya Najeriya da wannan takarda, domin wanda ya saba zai rage maka makonni na kai-komo. Ka haɗa da kuɗin ɗauko kayan daga tashar jirgin ruwa ta Legas ko ta Onne zuwa Arewa, ka kuma tambayi mai fito maka da kaya ko zai fi sauƙi a yi amfani da tashar tudu ta Dala da ke Kano, wadda aka ƙaddamar a watan Janairun 2023. Ka bar wani gibi a lissafin saboda sauyin farashin dala tsakanin ranar biyan farko da ranar biyan ƙarshe.

Idan an gama ƙera kayan, kada ka biya ragowar kashi 70 a kan hoto kawai. Ka ɗauki kamfanin duba kaya mai zaman kansa, ko wani amintaccenka da ke zaune a Guangzhou wanda ya san kayan, ya je ya zaɓi kwalaye da kansa daga wurare daban-daban, ya buɗe, ya gwada, ya kwatanta da samfurin da kuka sa wa hannu. Wanda ya halarci zangon Oktoba kuma ya kula da kalanda, domin bikin sabuwar shekarar Sinawa yana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu suna rufewa na makonni, kuɗin jirgin ruwa yakan tashi gabaninsa, aikin da aka yi cikin gaggawar kwanakin ƙarshe kuma ya fi yawan kuskure. Saboda haka ka tabbatar da odarka a cikin watan Nuwamba, ka sa a rubuta ranar lodi a yarjejeniya, ta kasance kafin ƙarshen Disamba.